Kwale-kwalen da Kambai Ya Ɗinke

Ina cikin bas a Hulme, Celestina ta bugo daga Birmingham. "Baban Clara, abokinka ya tafi," ta ce. Har na wuce tashata ina kuka.

Mijinta Kambai ɗan Kagoro ne, bai taɓa kama ko tarwaɗa ba. Amma shekarar da ƙaramar hukuma ta rage ma'aikata aka sallame shi, sai ya sayo tsohon kwale-kwalen masunta na faiba, wata irin roba mai tauri, ya girke shi a bayan gidansu a Sparkbrook. Ya yi wa Celestina alkawarin zai zaga da ita a cikinsa ta hanyar ruwan da ta ratsa garin.

Gindin jirgin duk ƙuraje ne, ga wata doguwar tsaga. Kambai bai damu ba, don kakansa gyartai ne. Ya huda ramuka a gefen tsagar, ya ɗinke ta da waya kamar ƙwarya. Ɗinki ya yi kyau ƙwarai. Ranar da muka tura shi ruwa kowane rami ya zama famfo, Celestina tana gaɓa da sabon leshinta tana kallon mu muna kwalfewa da kwanon miya.

Makon jiya na same shi a asibiti, ya rame. Ya kama hannuna.

"Mutumina, ka zaga min da Celestina a jirgin nan, ko sau ɗaya."

"A wannan rariyar? So kake ta biyo ka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"To ku bi gefe-gefe. Ba ta iya iyo ba."

"Ni ma haka," na ce.