Masarar da Inna Ta Ƙi Ci

A bayan wani shagon cajin waya a Karaye injin yake, cikin ɗan ɗaki marar taga, kuma har yau ban tsani wani abu kamarsa ba. Tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba. Za ka buga cacarka a allon da ke gefe, a fitar maka da 'yar farar takarda, ka zo ka tura masa ita a baki. In ka ci, ya yi ɗan gurnani ya turo kuɗi. In ba ka ci ba, ya tofo maka takardarka.

Mai shagon ba ya rabo da carbi. Da bakinsa ya gaya mini abin da ya sa ya sayo injin: wai shi hannunsa ba ya miƙa wa kowa kuɗin caca, tsakaninka ne da inji. Shi ne dai ke buɗe bayansa ya zuba masa kuɗi da safe, ya kwashe ribar allon da yamma, amma a wurinsa wannan kula da kayan aiki ne kawai.

Yayana ya karɓi wannan fatawa hannu bibbiyu. Shi ne babba a gidanmu na Yammedi, shi ke riƙe da gonar gandu tun rasuwar mahaifinmu. Wata shekara taki ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ya sayar da gyaɗa, kuɗin ba su kai na buhun taki ɗaya ba, wani abokinsa ya ja shi ɗakin nan. Sai ga shi ya dawo gida da buhunan taki a bayan kurkura.

Yaya yana da aibi ɗaya da ba ya tafiya da caca: bai iya ƙarya ba. Da Inna ta tambaye shi inda ya samu, ya durƙusa ya ce, "Inji ne ya ba ni, Inna. Ban karɓa daga hannun kowa ba."

"Shi injin noma yake yi?"

"A'a."

"To, kuɗin 'ya'yan mutane ne."

Ya zuba takin, masara ta yi kyan da har masu wucewa kan tsaya su yi masha Allah. Kowa a gidan ya ci tuwonta, har da ni mai surutun nan, har da ƙari. Inna kaɗai ta ware tukunyarta. Ta koma soya ƙuli-ƙuli da tsufanta, tana auno dawarta a kasuwa, rumbu cike a tsakar gidanta. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta yi masa baki ba. Ta dai daina cin duk abin da ya fito daga hannunsa.

Na ɗauka hakan zai sa ya bari. Ashe wanda inji ya taɓa yi wa gurnani ba ya manta sautin. Ya ci gaba da zuwa, yau ya samu kaɗan, gobe ya bar da yawa. Ɗaya daga cikin shanun huɗarmu ya tafi, rabin gona ya shiga jingina. Na sha zuwa in janyo shi, in same shi a layi da malamin makaranta da mahauci da mai faci, kowa riƙe da takardarsa, ba mai kallon idon wani. An taɓa rufe shagon, ba a daɗe ba injin ya ɓulla a bayan wani shagon. Duk da haka Yaya bai daina kawo wa Inna tsaraba ba: goro, sabulu, tsire. Ita kuma tambayarta ɗaya ce, "Daga ina?" Sai ya sunkuyar da kai, yara su kwashe.

Da daminar da Inna ta kwanta ciwo, ƙafafunta suka kumbura, ta kira ni. Yaya ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Ka ce wa wancan ya sayo mini ko lemo ne, in dai guminsa ne. Ina so in ci abin hannunsa."

Da na gaya masa, sai da ya yi hawaye. Ranar kasuwa ya tafi Rogo ya yini yana dakon buhuna, magidanci guda a cikin samari. Ni kuwa na yini da murna. Na gaya wa Inna ya tafi dako, na share ɗakinta, har wuƙa na wanke na ajiye kusa da ita.

Bayan la'asar na same shi zaune a zaure. Kafaɗarsa ta saluɓe, rigarsa ta yi fari da ƙurar buhu. A gabansa ledoji ne manya: lemo, madara, sukari, har da maganin da aka rubuta mata muka kasa saya. Ina ganin yawansu gabana ya faɗi.

Ya ce mota ta sauke shi a Karaye, ya duba kuɗin dakon, ya ga za su sayi lemo amma ba za su sayi magani ba. Sai ya shiga ɗakin injin. Kuma ya ci.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, ɗauki lemon kaɗai ka shiga. Ka ce na dako ne. Ai da guminka a ciki."

"Duka na zuba," in ji shi. "Da suka fito ban gane nawa ba."

"To ka yi ƙarya mana. Sau ɗaya a rayuwarka."

Ya tashi ya ɗauki ledar lemon, na bi shi. Ya yi sallama ya durƙusa a bakin gado. Inna ta miƙa hannu ta ɗauki guda, ta jujjuya shi, ta kai hanci ta shinshina. Na ga tana so ƙwarai. Ba ta dube shi ba ta ce, "Na dakon ne?"

Na tsaya a bayansa ina addu'ar Allah ya ba yayana ikon yin ƙarya. Ya buɗe baki, ya rufe.

A hankali ta mayar da lemon cikin leda, ta ce, "Allah ya shirya." Ta juya ta fuskanci bango.

Ba ta sake roƙa ba, shi ma bai sake kawowa ba. Kafin a yanke dawa muka kai ta makwancinta.