Muryar Hankaka

Ƙyanda ta tafi da idanuna a shekarar yunwa, shekarar da wutar daji ta cinye gonaki. A gidanmu na Zogbeli rogo ake gasawa bayan magariba, ɗan kaɗan, kuma Kaka Adiza, mahaifiyar babana, ita ke rabo. Tsohuwa ce mai wayo: kafin ya gasu sai ta ɗauke mana hankali da tatsuniya. Ni dai ɗumin wuta nake ji a ƙwaurina, sai muryarta.

"Maigida, matso nan," haka take tsokanata. "Ga ta nan ta iso, wa zai tarbe ta?"

"Mu ne!"

Wai wata makauniya ce mai kai tallan nono daga Kukuo zuwa kasuwa. Maƙwabta suka tausaya mata, suka zaɓo mata kanari ya riƙa faɗa mata hanya, tunda muryarsa ta fi ta kowa daɗi. A nan Kaka kan siranta murya: "Uwata mai farin nono, sannu da rana, can gabanki kaɗan akwai wani..." Kafin waƙa ta kai kan "rami", baiwar Allah ta riga ta afka, nono ya malale. Washegari ta sallami kanari, ta kira hankaka da kanta. Shi babu gaisuwa: "Rami! Hagu! Dutse!" Ta isa kasuwa da nononta cif.

Zaɓin nan ya daɗe yana ɗaure mini kai, don ni kanari nake so. Na ce, "Kaka, me ya sa ta ɗauki mai mummunar murya?"

"Ci rogonka, maigida. Ranar da ka ɗora ƙwarya a ka, ka sani."

Ta rasu ba ta ƙara bayani ba.

Da furfurata aka ɗauke ni gwajin aiki a wani ofis, amsa saƙonni ta kwamfuta mai karanta wa makaho abin da ke kan allo. 'Yata Rabi ta saita mini muryar: ta mace, mai laushi, tana jan kowace kalma. Kowa ya yaba. Ni kuwa kafin ta karanta saƙo ɗaya abokan aiki sun amsa uku, har shugabar ofis ta fara cewa anya zan iya. Tsoro ya kama ni ƙwarai, domin aikin nan shi ne abincin gidana.

Na zaunar da Rabi, muka bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a kan wata busasshiya mai ƙarar gwangwani.

"Ƙara mata sauri. Ƙara. Cire mata wannan jan kalmar."

"Baba, ni ko kalma ɗaya ba na ji!"

Ni kuwa ina ji tar. Sai a ranar na gane maƙwabtan makauniyar nan ta tatsuniya ba mugunta suka yi ba. Da kunnen mai ido suka yi zaɓe, alhali ba su ne ke ɗauke da ƙwarya ba.

Aikin ya tabbata. Rabi har yau in ta wuce takan toshe kunne, ta ce, "Baba, wannan abu sai ka ce hankaka."

Nakan ce, "Shi ne. Kakata ce ta aiko mini shi."