Allunan da Kawu Ya Matse

Da aka rushe gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka, na gina wa Inna ɗaki a saman gidana a unguwar Utaibiyya. Na sayo allunan roba masu launin katako don a lulluɓe bangon ta waje, su tare mata rana. Ƙanwata tana ta lallashinta ta koma wajenta a Jidda. Ni kuwa na rantse uwata ba za ta bar Makka ba, ita da Juma'a ba ta wuce ta a Harami.

Mu'allimin da na ɗauko, wato mai kafa allunan, ya san aikinsa. Yana barin ɗan gibi a ƙarshen kowane allo, ƙusa kuma ba ya buga ta har ta nutse. Ya ce yanzu sanyi ake, in zafi ya zo roba miƙewa take, sai an bar mata wuri.

Sai ga Kawu, yayan Inna, tsohon kafinta. Ya hawo yana haki, ya zura yatsa a gibin.

"Wannan aikin banza ne! Tagogin da na yi a Jarwal ko allura ba ta shiga tsakaninsu."

"Kawu, ai wannan ba katako ba ne," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai za ka koya mini?"

Na yi shiru. Wallahi shirun nan ne yake ci mini rai har gobe. Ina tsaye ƙiƙam, ƙato da ni, ya sa aka matse allunan, ya karɓi guduma ya bi kowace ƙusa ya danne. Mu'allim ya ce ba ruwansa, ya kwashe kayansa.

Da zafi ya kankama, bangon yamma ne ya fara. Allunan suka rasa inda za su miƙe, suka kumbura, suka lanƙwashe, wasu suka tsage a bakin ƙusa. Da la'asar sai ka ji ɓas-ɓas kamar ana gugguru. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta gurnani, ɗaki ya ƙi sanyi. Inna da hawan jininta, sau biyu tana faɗuwa.

Kawu ya zo ya duba, wai kayan zamani ne marasa albarka. Ji fa! Ko kunya babu.

Ranar Alhamis ƙanwata ta zo da mota za ta tafi da Inna Jidda. Ni na sauko da akwatin Inna. A bakin ƙofa Inna ta riƙe hannuna.

"Kada ka yi wa kawunka magana, babba ne."

Ban yi masa ba. Ita kuwa har ta rasu ba ta sake kwana a Makka ba.