Ledar Baba Makulli

Tun yana saurayi aka damƙa masa ɗakin tsofaffin fayiloli a ma'aikatar filaye, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Makulli. Ɗakin yana bayan gini, kusa da inda direbobi ke wanke mota. A ciki akwai takardun ƙauyukan da aka tasa lokacin gina madatsar ruwa: gonar wa ruwa ya ci, ina aka mayar da wa. Babu kwafinsu ko'ina.

Doka ta ce tsohuwar takardar gwamnati mai darajar tarihi, hukumar adana tarihi ta ƙasa kaɗai ke da ikon ɗauke ta. Ba a ƙonawa, ba a fitarwa. Baba ya haddace wannan tsaf. Abin da dokar ba ta yi ba shi ne ba hukumar mota. Ya aika, ya je da ƙafarsa, kullum amsar ɗaya ce: "Muna nan tafe." Har ya yi furfura suna nan tafe.

Sai rufin ya fara yoyo. Ya roƙi shugaban ofis a kwashe fayilolin zuwa bene, shugaba ya ce, "Haba Baba, so kake a ɗaure ni? Ba hurumina ba ne." Kai, jama'a! Ruwa na zuba, ana maganar hurumi.

Baba ya ga ba mai cetonsu sai shi. Ya kwaso leda mai kauri, ya naɗe kowane fayil, har waɗanda suka ɗan sha danshi, ya ɗaure tam yadda ko iska ba za ta shiga ba. Da ya koma gida, matarsa ta dube shi yana shafa man zafi a baya, ta ce, "Malam, ko 'ya'yanka ba ka lulluɓe haka ba." Dariya kawai ya yi. Bai ƙara kwance ko ɗaya ba, don kada ruwa ya sami hanya.

Ana gab da ritayarsa hukumar ta turo wata ma'aikaciya da mota. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ledojin.

"Baba, wa ya ɗaure su haka?"

"Ni ne, 'yata," ya ce, cike da alfahari.

Ta ciro reza, ta yanka ta farko. Wari ya buge su. Takardun sun yi baƙi, sun manne wuri guda kamar jiƙaƙƙen sabulu.

"Takarda iska take so, Baba," ta ce a hankali. "Leda riƙe danshi take yi."

Ya karɓi rezar, ya yanka ta biyu, ta uku, hawaye na zuba, bai ko ji kunyar yarinyar ba. Duk haka suke. Abin da ya tsira a ɗakin nan shi ne tarin rasiɗin man fetur, waɗanda ya ga ba su kai ya ɓata musu leda ba.