Hannun Daman Safwan

Safwan ɗan Galadi ne, a ƙasar Shinkafi. A bayan shanu ya tashi, sanda a kafaɗa, raɓa a ƙafa, har ranar da mutanen daji suka zo da rana tsaka suka kore garken ubansa, suka bar tsohon kwance a bakin rijiya da harsashi a ƙirji. Yayarsa Saliha, wadda yake kira Adda, ta kwashe shi da 'ya'yanta suka koma Kaura Namoda. Ta soya awara ta sa shi makaranta. Hannun da ya saba da igiyar maraƙi ya koyi kwamfuta, kuma da ya girma, da wannan hannun na dama gidan ya koma ci.

Aikinsa yana da wuyar faɗi a majalisa. Akwai wani rumbun bayanai a intanet da ake kira bulokcen, wanda duk abin da aka shigar cikinsa ya zauna ke nan, ba ya gogewa. Akwai kuma manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ake turawa kamar 'yan aike, su yi tambaya a rumbun su kawo amsa. Irin wannan ɗan aike ba shi da maƙwabcin da zai tambaya hanya. Bayanin amfani da aka rubuta masa kawai yake bi. Safwan ne mai duba wannan bayani. Wani kamfani na waje kan turo masa, ya karanta, ya ba da maki. An faɗi abin da manhajar ke yi? An faɗi abin da zai faru in ta kasa?

Dokarsa ɗaya ce: ba ya cike gurbi da zato. In marubutan sun yi shiru a wani wuri, ba zai ce ai ga abin da suke nufi ba, sai ya rubuta, “Ba a faɗa ba.” Yakan ce na'ura ba ta da zato, don haka in ya zauna aiki shi ma yana ajiye nasa. Halin ya bi shi har tsakar gida. Adda ta taɓa tambayarsa ko za a yi ruwa, ya ce ba a faɗa ba, ta jefe shi da ludayi.

Wata Alhamis cikin damina shi da Adda suka je Shinkafi bikin suna. Ya tafi da kwamfutarsa a jaka, domin akwai aikin da bai gama ba. Bayanin wata manhaja ne ta bincike a rumbun, mai tsari da misalai, amma bai ce komai ba a kan ko tana adana inda mai amfani da ita yake. A hanyar dawowarsu cikin motar haya, gero ya yi tsawo, ya rufe gefen titi kamar labule. Daga cikinsa babura suka fito.

Direba Rufa'i ya so ya juya. Harsashi ya fasa gilashi ya shiga wuyansa, motar ta gangara cikin gona ta tsaya. Jininsa ya jiƙa mayafin Adda. Aka finciko fasinjoji, aka kifa su a laka da duka, aka fara ɗaure su biyu-biyu da igiya don a kora su daji. Wani tsoho ya yi jinkirin kwanciya, aka sare shi da adda a kafaɗa.

Shugabansu, wani siriri mai rawani baƙi, ya zazzage jakar Safwan ya buɗe kwamfutar. Allon ya yi haske, rubutu na gudu.

“Kai, ɗan boko, mi wanga abu ka yi?”

“Aiki nika yi da shi, yallaɓai. Duba bayani.”

“Yallaɓai! Ku ji min, ya mai da ni gwamna.” Yaransa suka kwashe da dariya. Ya ɗora bakin bindiga a kan hannun Safwan, ya danne shi cikin laka. “Tambaya guda. Wanga abu, shina hwaɗa wa masu jirgin yaƙi inda muke?”

Kowane mahaluki a wurin ya san amsar da ake bayarwa. Adda ta ɗago fuska cikin laka ta yi ihu, “Ka ce a'a, ɗan nan! Ka rantse!”

Safwan ya buɗe baki, amma al'adar shekaru ta riga tsoro fita.

“Ba a faɗa ba,” ya ce. “Masu shi ba su rubuta ba. Ban sani ba.”

Dariyar ta mutu. Mai rawani ya dubi sama, inda hadari ke taruwa ta gabas. Sannan ya juya bindigar, ya sauke gindinta a kan yatsun Safwan, ya ƙara, ya ƙara, har ƙashi ya daina ƙara ya koma taushi. Ya harbe kwamfutar. Ya daka wa yaransa tsawa su hau babura, don ba zai kora mutane a ƙafa ba alhali bai san abin da ke tafe daga sama ba. Gero ya haɗiye su. Fasinjoji suka kwance wa juna igiya da haƙora.

A asibiti aka yanke yatsu uku, sauran biyun kuma suka ƙage. A tashar Kaura labarin ya zama na wayo, wai Safwan ya tsorata 'yan bindiga da dabara, ya ceci mota guda. In aka faɗa a gabansa sai ya girgiza kai ya ce babu dabara, ya dai faɗi abin da ya sani.

Adda ba ta yarda da ko ɗaya ba. Har yau in tana ɗaure masa maɓallin riga takan ce, “Kalma guda, Safwan. A'a. Ko akuya ta iya ta.”

Ya sayi tsohuwar kwamfuta a kasuwa. Yana aiki da hagu yanzu, yatsa ɗaya-ɗaya kamar kaza na tsince tsaba, kuma abin da a da yake gamawa kafin azahar yakan kai shi la'asar sakaliya. Kamfanin ya rage masa aiki. Adda ta sake fito da kaskon awara.