Tumun Gidan Malam Sanda

A Surko, idan ana zancen gidan da yunwa ba ta taɓa kwana ba, gidan Malam Sanda ake nufi. Manomi ne ɗan manomi, dogo, mai ƙarancin dariya. Yana yaro aka yi wata shekarar fari, ya ga mahaifinsa ya shiga rumbu ya fito da ƙura a tafin hannu. Tun daga nan ya kafa wa kansa doka, ya girma da ita: a gidansa ba a taɓa sabon hatsi sai tsoho ya ƙare, kuma ba a yanke zangarniya ko ɗaya kafin girbi.

Dokar ta rufa masa asiri, ba a musu. Sai dai da yake Allah ya sa wa gonarsa albarka, tsohon gero bai taɓa ƙarewa kafin sabo ya shigo ba. Saboda haka kullum na bara ake ci, wani lokaci ma na bara waccan, mai warin rumbu, wanda ƙwaro ya riga ya ɗebi rabonsa. Sabon kuwa sai a jera shi dami-dami a rufe, ya zauna har shi ma ya tsufa.

Maƙwabcinsa Yunusa, wanda suka taso tare, ba ya gajiya da tsokanarsa. "Sanda, kai fa ƙwaro kake yi wa noma. Shi ya ci sabo, kai ka ci saura."

"Yi dariyarka," in ji Malam Sanda. "Ranar da naka ya ƙare, ka san ƙofar gidana."

Matarsa, Inna Ummussalma, 'yar Gwaram ce. A gidansu, da zarar gero ya yi ido, akan yanko ɗanyar zangarniya a gasa tumu, manya da yara su zagaye wuta. Tun da ta zo Surko ba ta ƙara gasa shi ba, ba ta kuma taɓa yin ƙorafi ba.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, har aka kai ta asibiti a Birnin Kudu. Zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abincinta. Likita ya gaya musu a fili cewa idan ba ta ci ba, magani ba zai tashe ta ba. Aka dawo gida, aka dama koko, ta kau da kai. Aka kawo romo, ta ce ɗaci. Kullum ƙara ramewa take yi. 'Yarsu Hapsatu ta hawo babur daga Basirka, inda take aure, ta zauna jinya.

Wata safiya Malam Sanda yana gyara igiyar akuya a bayan ɗaki, sai ya ji Hapsatu tana lallashi. "Inna, don girman Allah, faɗi abu ɗaya da ranki yake so."

"Tumu," in ji Inna da siririyar murya. "Amma bar shi, Hapsatu. Kada ki tayar wa babanki da hankali. Na san gidan da nake."

Malam Sanda ya daɗe a tsaye da igiyar a hannu. Ya dubi rumbunansa, cike har wuya, ba kuwa abin da ke cikinsu da zai shiga bakin matarsa. Ya ɗauki wuƙa ya nufi gona. Ya bi kunya-kunya yana taɓa zangarniya, ya wuce ƙananan, ya yanko manyan da ya riga ya sa wa ido don iri.

Yunusa ya hango shi daga kan iyaka, ya ɗaga murya. "Jama'a, ɓarawo a gonar Sanda! Au, ashe mai gonar ne. Lafiya kuwa?"

"Idan ka gama surutun, zo ka hura mini wuta."

A tsakar gida aka hura ta. Malam Sanda ya manta yadda ake yi, zangarniyar farko ta ƙone ƙurmus. Ƙamshin ne ya sa Inna ta ce a fito da ita kan tabarma.

"Malam, juya shi mana," ta ce. "Ai ba itace ba ne."

Ya juya. Da ya gasu ya murje shi a tafin hannunsa, ya hure ƙaiƙayin, ya miƙa mata. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta sake miƙo hannu. Hapsatu ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Da la'asar Inna ta nemi fura, washegari ta ci tuwo.

A wurin gashin, Malam Sanda shi ma ya jefa kaɗan a baki, ya lallaɓa shi da sauran turamen haƙoransa. Zaƙin ya ba shi mamaki. Shekara da shekaru yana noman wannan abu, bai san haka yake ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce, "da aka bar mini haƙoran taunawa, da wadda zan ci tare da ita."

Har yau Malam Sanda bai daina cika rumbu ba, kuma masu neman agajin hatsi da damina ba sa komawa hannu rabbana. Amma duk shekara, idan gero ya yi ido, shi ne na farkon yanko zangarniya a unguwarsu, kuma damin farko na kaka ba ya ganin rumbu, turmi yake zuwa. Inna ce mai gashin tumun yanzu. Ta ce har gobe Malam bai iya juyawa ba.