Matar da Ta Shekara Talatin Tana Cewa a Rage Ƙara

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakinta, ɗaki na ƙarshe a barandar asibitin, bayan wurin ajiye tsintsiya da bokiti. Ta goge teburi, ta kunna na'urar gwajin ji, ta fara gwada nata kunnuwan don ta tabbata idan an ga matsala yau ba daga injin take ba. Sannan ta leƙa bencin masu jira.

A shekarunta na farko tsofaffi ne ke cika bencin, da masu injin niƙa, da ma'aikatan masaƙa, mutanen da neman abinci ya cinye wa kunne. Waɗannan tana tausaya musu. Yanzu samari da 'yan mata ne, kowa da iyafis, abin jin kiɗa, a toshe a kunne, kai na rausaya. Sai ta kira mutum sau uku bai ɗago ba. An zo asibiti a duba lafiyar ji, ana zaune a kan layi ana ƙarasa kashe shi.

Ma'aikatan asibitin Sista Rage-ƙara suke kiranta, kuma ba don ƙauna aka raɗa mata sunan ba. Ta samo shi ne saboda ba ta iya wuce mutum tana jin kiɗansa daga inda take tsaye ba ta taɓa masa kafaɗa ba. "Ni da ban sa abin a kunne ba ina jin mai ganga," in ji ta. "Kai da ka cusa shi ciki me kake ji?" Ta yi wa mai gadi, ta yi wa mai ba da magani, ta yi wa wani sabon likita, wanda ya kai ƙararta ofis. Bayan shekara biyu ya dawo da ƙafarsa yana cewa kunnensa na yi masa kuka kamar gyare.

Tana da wata dabara da mai sharar barandar ta gani har ta gaji. Idan mutum ya rantse jinsa garau yake, Sista ba ta musu. Sai ta ɗauki fayil ta kare bakinta, ta tambaye shi a hankali shekarunsa nawa. Da yawa sai su yi murmushi su ce lafiya lau. Sun daɗe suna karanta leɓen mutane ba su sani ba. Daga nan ta yi musu bayanin da ta yi fiye da sau dubu: can cikin kunne akwai wasu ƙananan gashi masu kama sauti, ƙara mai yawa tana kwantar da su, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa, ba allura, ba ƙwaya. Su gyaɗa kai, su yi godiya, su mayar da iyafis ɗinsu tun kafin su kai bakin ƙofa.

Duk wannan ta jure. Abin da ya kusa fasa mata kai daga cikin gidansu ya fito.

Ƙanenta yana da ɗa, Auta, mai shekara ashirin da huɗu, wanda ya gama karatu ya zauna shekara uku ba aiki. Sai kamfanin jirgin ƙasa ya ɗauke shi horon tuƙi. Sharaɗi ɗaya ya rage: takardar shaidar cewa kunnensa na ji, a miƙa kafin ranar Juma'a. Gidan ya ɗauka an gama, tunda mai sa hannun gwaggonsa ce.

Ranar Litinin ta leƙa benci ta gan shi. Awa biyu yana zaune, ido a lumshe, kiɗa na fita daga kunnensa har matar da ke gefensa ta matsa.

"Auta, me ka zo yi nan?"

Ya zare guda ɗaya. "Na'am, Gwaggo?"

"Na ce me ka zo yi?"

"Gwajin kunne."

"Shi ne kake dafa shi kafin a gwada?"

"Gabana ne ke faɗuwa, Gwaggo. Kiɗan yana kwantar min da hankali."

Ta shigar da shi ƙaramin akwatin gwajin, ta ba shi maɓalli, ta ce duk lokacin da ya ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ya danna. Ta zauna a bayan gilashi tana aika masa sauti. Masu kauri ya ji. Da ta kai ga sirara, sai yaron ya zauna yana kallonta yana jiran a fara. Can ya lura da hannunta na motsi, ya shiga danna maɓallin ba ƙaƙƙautawa.

Ta buɗe ƙofar. "Na kashe injin tun ɗazu. Me kake ji?"

Ya saki maɓallin.

Da azahar uban ya iso, hula a karkace. "Yaya, mene ne haka? Sa hannu ne kawai."

"Ya faɗi."

"Yaron da ke jin buɗe tukunya daga ƙofar gida? Yaya, ke kika goya shi fa."

"A bayana na goya shi, ba kan jirgi ba. Direban da ba ya jin ƙararrawar gargaɗi, da mutum ɗari shida a bayansa, kana so sunana ya zauna a ƙasan takardarsa?"

"To mu je wani asibitin."

"Ku je. Injinsu ma ba ɗan'uwansa ba ne."

Ƙanen ya zauna a kujerar marasa lafiya, ya cire hular, ya ce shekara uku ke nan uwar yaron ba ta barcin kirki. Wannan ta sani. Ita ma ta zaga da takardun Auta ofis-ofis. Ta kuma san abin da su ba su sani ba: kunnen da aka yi wa luguden awa biyu yakan toshe na ɗan lokaci, idan ya huta wani abu yakan dawo. Nawa zai dawo, Allah kaɗai ya sani.

Ta miƙa wa Auta tafin hannu. "Kawo."

"Me?"

"Abin kunnen. Da wanda ke aljihunka na baya, na ga igiyarsa."

Ta jefa su a aljihun teburi ta murɗa makulli. Kwana uku, in ji ta, ba kiɗa, ba gidan kallon ƙwallo, ba zama kusa da janareta. Alhamis da safe ya dawo. Idan ya ci ta sa hannu, idan ya faɗi ta rubuta ya faɗi.

Kwana ukun nan gidan ƙanenta bai gaishe ta ba. Matarsa ta aiko da saƙo ta bakin wata maƙwabciya cewa akwai mutanen da ilimi ke busar wa zuciya. Auta kuwa ya kira ta ranar Talata yana ƙorafi.

"Gwaggo, shirun nan zai haukata ni. Wani abu na yi min shuuu a kunnen hagu."

"Ya daɗe yana yi. Yau ka ba shi dama ka ji shi."

"Kuma Umma magana take yi tun safe."

"Ita ma ta daɗe tana yi."

Ranar Alhamis ta gwada injin sau biyu. Sannan ta shigar da Auta akwatin. Kunnen dama ya dawo kusan daidai. Na hagu ya hau, ya hau, ya tsaya a kan layin da kamfanin ya gindaya, ko taki ɗaya bai wuce ba. Ta maimaita, don kada son zuciya ya taya ta ji. Haka ya sake fitowa. Ta sa hannu.

Auta ya yi tsalle zai fita, ta ce ya dawo. Ta nuna masa wani rami a zanen sakamakon gwajin kunnen hagun. "Wannan ya tafi, ba zai dawo ba. Duk shekara za su sake gwada ka, kuma ba ni za ka tarar a nan ba. Abin da ya rage maka ke nan, ka ga dama ka ƙone shi."

Makon jiya ta yi ritaya. Asibitin ya shirya mata walima a ɗakin taro, aka hayo lasifika huɗu, kowace ta kai tsayin mutum, aka ƙure su don a karrama matar da ta shekara talatin tana roƙon a rage ƙara. Ta zauna minti goma don kunya, ta fito baranda da farantinta. A nan Auta ya same ta, da rigar aikinsa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tambaye shi aiki. Ya ɗan karkata kai, ya juyo mata da kunnen dama, bai ma san ya yi ba. Ita ta gani. Ta ajiye cokalin.

Sista, ke ce mai faɗar abin da ba a son ji ga mutanen da jinsu ke ƙarewa. Ke ce kika yarda danginki su yi fushi da ke kwana uku, da dai ki ba su takardar ƙarya su yi murna. Aikinki ba ya barin abin nunawa, domin wanda kika tsirar wa kunne bai san an tsirar da shi ba, yana can yana jin kiran 'yarsa daga ɗaki yana ɗauka haka kowa yake. Mun gode. Allah ya ba ki hutu a unguwar da ba mai gwada sabuwar lasifika.

Mu kuma da muka rage, an rufe ɗakin nan na ƙarshen baranda, har yau ba a turo wanda zai gaje ta ba. Aikin ya dawo kanmu. Ka sauke ƙarar wayarka zuwa rabi, ka riƙa cire abin kana ba kunnen hutu. Idan kana jin kiɗan ɗanka daga inda kake zaune, tashi ka taɓa masa kafaɗa. Zai ɓata rai, zai ce ka cika takura. Ka gode wa Allah, ya ji ka ke nan.